Tsuntsaye da Ƙwarin Garkarmu a Farkon Kaka

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da membobin ikkilisiyoyinmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

   

Da aka sanar cewa kan maganarmu ta yau shi ne kallon tsuntsaye da ƙwari da ɗaukar hotonsu, mun san akwai waɗanda suka ce a zuci, mutanen da barcinsu rabi da rabi ne, ina su ina kallon tsuntsu? Tambayar tana kan hanya, ba kuwa za mu kewaye ta ba. Babu wani a cikinmu da ya manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ba mu manta da Satumba 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu ukun, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗansa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan suna da gonaki wajen iyakar Zamfara ko ta Birnin Gwari, waɗanda suka yi shekaru ba su sa musu fartanya ba.

To, daga nan ne maganar ta taso. Tun da gonar nesa ta gagara, abin da ya rage a hannun iyalai da yawa shi ne gonar gefen gari da 'yar garkar da ke jikin danga: kuɓewa, yakuwa, kabewa, rama, da 'yan kunyoyin wake da masara. Mai gona eka goma, in tsutsa ta cinye masa kunya biyar, da ƙyar ma zai lura. Gwauruwar da kunya biyar ɗin nan su ne dukan abin da ta shuka, ita kam miyar shekara ce ta tafi. Domin haka sanin abin da ke sauka a garka, da abin da ke rarrafe a ƙarƙashin ganye, ya tashi daga wasan yara, ya shiga cikin aikin noma. Kayan aikin kuwa yana aljihun 'ya'yanmu, wato wayar nan mai ɗaukar hoto da muke yi musu faɗa a kanta kullum.

Babu lokacin da ya fi wannan dacewa a fara. Marka ta wuce, ruwa ya soma ɗaukewa, gero ya nuna, dawa tana fitar da kai, wake yana fure. Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba gari yakan zama kamar tasha, waɗansu na haɗa kaya, waɗansu na sauka.

Ku dubi shamuwa. Kowa ya san ita ce mai kawo albishirin ruwa, kuma tun muna yara aka hana mu taɓa sheƙarta a kan kuka ko tsamiyar gari. Amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin ranar da ta tafi bara? Zuwanta muke tarya, tafiyarta ba mai rakiya. A wannan lokaci ne takan taru garke-garke tare da 'ya'yan da ta ƙyanƙyashe, ta kama hanya. Masu bincike sun taɓa ɗaura wa waɗansu shamuwoyi 'yar na'ura a Jamhuriyar Nijar, suka bi sawunsu ta tauraron ɗan adam, sai ga su can a Tanzaniya. Damina take bi duk inda ta nufa, gama abincinta fara ne da tsutsa. Ashe duk watannin da ta yi tana takawa a gonakinmu, aikin gayya take yi mana, ba mu ba ta ko ludayin fura ba.

Tana fita, baƙi daga Turai na shigowa, suna gudun sanyin can. Akwai irin tsattsewar nan mai jan maƙogwaro da wutsiya kamar almakashi, wadda nauyinta bai fi giram 20 ba, amma ta ƙetare teku, ta ƙetare Hamadar Sahara. Yawancinsu wucewa suke yi ta kanmu zuwa kudu, kuma a Boje, cikin Jihar Kuros Riba, sukan taru tuli guda su kwana cikin doguwar ciyawa. Akwai kuma ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu a fadama yana kaɗa wutsiya. Shi ma baƙon kaka ne, zai zauna da mu har bazara. 'Yan'uwa da ke kusa da madatsar ruwa ta Mairuwa su sa ido a bakin ruwa inda shanu ke sha.

Waɗansu kuma ba tafiya suke yi ba, tufafi kawai suke sakewa. Mulufi, wanda duk damina yake tsaye a kan karan dawa da jar rigarsa kamar dogarin sarki, da an shiga kaka sai jan ya fara zuba, har ya koma launin ƙasa irin na matarsa. Zalaidu ma haka, doguwar wutsiyar nan da yake ja a iska takan faɗi. Yara sai su ce sun bar gari, alhali suna nan cikin garken ƙananan tsuntsayen da ke tsintar tsaba a masussuka. Wanda ya ɗauki hoton mulufi a wuri ɗaya kowane mako, zai ga yadda rigar ke kwancewa da kaɗan-kaɗan.

Iyayenmu ba su da wayar hoto, amma idonsu ya fi namu zama. Ku tuna da kirarin nan, hankaka mai da ɗan wani naka. Masana tsuntsaye sun tabbatar akwai wani tsuntsu mai tukku da ɗigo-ɗigon fari a fukafukai, wanda ba ya gina sheƙa, sai dai ya saci jiki ya saka ƙwansa cikin sheƙar hankaka, hankaka ya kwanta a kai, ya yi reno. Zalaidu ma haka yake yi wa ƙananan tsuntsayen ciyawa. Wani kakanmu ne ya zauna ya lura har ya ga hankaka na ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba. Wannan irin idon ne ke ƙarewa a cikinmu. Yaronmu zai lissafa maka 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya ba tuntuɓe, amma nuna masa ragon maza ko cilakowa ka ce mene ne wannan, sai ya ce tsuntsu. Ba laifinsa ba ne kaɗai, dattawa, gama ba mu zauna da shi mun faɗa masa ba.

Akwai kuma abin da rashin rubutu ya jawo. Duk wanda ya kai shekara hamsin ya san lokacin da mahautar kowace kasuwa take cike da ungulu, har sai an kore su. Yau fa? A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sa irin ungulun namu cikin jerin waɗanda suka kusa ƙarewa gaba ɗaya, saboda guba da kuma farautarsu da ake yi ana sayar da sassansu ga masu maganin tsibbu. Gauraka ma, mai kambi a ka, ta yi wuyar gani. Sun tafi a gaban idonmu, kuma babu gari ɗaya a cikin garuruwanmu da aka rubuta cewa a shekara kaza aka ga na ƙarshe. Mushen da ungulu ke share mana cikin yini guda, yanzu karnuka da ƙudaje ke rabonsa.

Yanzu bari mu sunkuya mu dubi ganye, gama a nan ne kuɗinmu ke zurarewa. A farkon 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsar masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, kafin a farga ta game Afirka. A wannan shekarar kuma sharon ta yi wa tumatir kisan gilla a Kaduna da Kano da Katsina. Duka biyun sun shigo ne manoma ba su san fuskarsu ba, aka yi ta fesa abin da aka saba fesawa, kuɗi ya tafi, amfani ya tafi. Ita tsutsar masarar tana da shaidarta. A goshinta akwai zane mai haske kamar gwafa a kife, kusa da wutsiya kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki. Takan ɓuya a zuciyar masara inda sabon ganye ke fitowa, ta bar kashi kamar garin katako. Ido, musamman namu da ya fara gajiya, ba ya rabe waɗannan alamu da sauƙi, amma in an ɗauki hoto aka buɗa shi da yatsu, sai ga su ɓaro-ɓaro. Masarar damina ta kusa shiga rumbu, gaskiya ne, amma akwai wadda aka shuka a makare, akwai dawa, ga masarar rani na tafe. A ƙaramar garka, mutum ya bi ganye sau biyu a mako yana murtsuke curin ƙwan da hannu ya fi masa sayen kwalba.

Wake ma haka. Tsutsar da ke huda fure da kwanso daban take da ƙwaron da ke tsotse ƙwaya ya bar ta a shanye. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda ke jure wa mai huda kwanson, amma bai hana masu tsotsa ba. Wanda bai san wanne ne a gonarsa ba, yana iya sayen iri ko magani domin ɓarawon da bai shigo masa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu taimakonmu da muke kashewa cikin rashin sani. In darɓa ta kama wake, ku duba da kyau, za ku ga wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi, kamar rabin ƙwayar wake a kife. Darɓar yake ci. Ɗansa kuwa bai yi kama da shi ba ko kaɗan, baƙi ne dogo mai ɗigon ruwan lemo, kamar ɗan mitsitsin kada, kuma ya fi uwarsa ci. Sau da yawa shi ake fara gani a ce ga mugun, a ɗauko famfo. Zanzaron da ke gina ɗakin laka a jikin bango, in kun fasa tsohon ginin wani irinsa za ku tarar da tsutsotsi a jere, ya kwaso su daga garkarku domin 'ya'yansa. Rina ma farautar tsutsa take yi, ko da yake ba ma yi mata kirari saboda harbinta. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo duk ma'aikata ne. Mazarin da ke cika sararin fadama a ƙarshen damina, sauro na cikin abincinsa, a daidai watannin da zazzaɓi ya fi kwantar mana da yara. A Maraɗi, cibiyar binciken noma ta Nijar ta daɗe tana kiwon wani ɗan ƙanƙanin zanzaro cikin ƙananan jakunkuna, ana kai wa ƙauyuka domin ya kashe murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Abin da su ke kiwo da kuɗi, mu danginsa muke fesa wa guba da kuɗi.

Ko hangara, wadda ke cinye furen kuɓewa da na wake, ta kuma tayar wa mutum bororo in ya murje ta a fata, 'ya'yanta a cikin ƙasa ƙwan fara suke ci. A hana yara taɓa ta, a ɗauki hotonta daga nesa kaɗan, in ta yi yawa a tsince ta da leda a hannu.

Iyayenmu mata, kabewa takan yi fure iri biyu, namiji da mace, kuma in ƙudan zuma bai ɗauko garin wannan ya kai wa waccan ba, ɗan da ya ƙulla sai ya yi rawaya ya faɗi. Furen da safe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Wanda ya yi feshi da hantsi, a kan ƙudan zuma ya yi. In feshin ya zama dole, a bari sai yamma lis.

Ba mu ce duk mai fukafuki aboki ne ba. Jan-baki in ya sauko wa gonar gero ko shinkafa, kafin a yi ihu an gama, jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe sun sha ganin haka. Kabare ma yana taɓa hatsi. Abin da muke cewa shi ne a san wane ne wane kafin a yanke hukunci. A 1958 hukumar ƙasar Sin ta sa jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi. Aka kashe ba adadi, fara da sauran ƙwari suka sami sarari, abin ya ƙara wa yunwar da ta biyo baya nauyi, dole a 1960 aka janye umarnin. Hoton garken tsuntsu da aka ɗauka da wuri aka kai wa malamin gona ya fi ihun da za a yi bayan an cinye.

Game da ɗaukar hoton kansa, ba ya bukatar waya mai tsada, haƙuri yake bukata. A goge idon wayar da gefen riga kafin a fara. A ba rana baya. Ƙwari da sassafe ake samunsu, lokacin da raɓa ba ta bushe ba, jikinsu na sanyi, ba sa saurin tashi. A juya ganye a dubi bayansa, a ɗauki ƙwaron, a ɗauki ɓarnar da ya yi, a kuma ajiye tsinken ashana kusa da shi domin mai dubawa ya san girmansa. Tsuntsu kuwa ba a binsa, shi ake sa wa ya zo. A sami kasko a zuba ruwa, a sa 'yan duwatsu a ciki domin ƙudan zuma ya sami wurin tsayawa, a ajiye a inuwa inda kyanwa ba ta da maɓoya, mutum ya zauna shiru taku biyar ko shida daga wurin. Yayin da kududdufai ke ƙafewa, kaskon nan zai tara kurciya da hasbiya da ƙananan tsuntsaye iri-iri. Amma lalle a zubar da ruwan a sake shi kowane kwana biyu, gama sauro cikin mako guda da 'yan kwanaki yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kada mu je neman hoto mu kiwata zazzaɓi. In tsuntsu ya ƙi fitowa fili, a ɗauki kukansa, kukan kurciya ma ai jawabi ne. Sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, a bar ta. Yaron da aka ba aron waya ya ajiye danƙonsa a ɗaki tukuna.

Sai maganar da muke roƙon dattawa su riƙe da hannu biyu. A ƙasarmu ta yau, ɗaga waya a inda bai kamata ba yana iya zama sanadin rai. Kada kowa ya bi tsuntsu zuwa bakin daji, ko da wane irin kyau gare shi. Kada a ɗauki hoto kusa da shingen jami'an tsaro ko na 'yan sa-kai, kada a ɗauki baƙon da ke wucewa a babur, kada a ɗauki garken shanun wani. Kalmar nan infoma ta isa ta jawo wa yaro abin da ba a fata tun kafin a tambaye shi me yake yi. Sa'an nan mu tuna mu kaɗan ne a garuruwan nan, kuma zaman lafiyarmu da maƙwabta jari ne da iyayenmu suka daɗe suna tarawa. Saurayin da ya ɗaga waya saitin katangar gidan da mata ke kulle, ya ce wai tsuntsun kan darbejiya yake ɗauka, ba wanda zai saurari wannan bayani. In itacen na gidan maƙwabci ne, a yi sallama a nemi izinin maigida, ko a haƙura. Ya kamata dattawan kowace ikkilisiya su je su gai da mai unguwa, su shaida masa abin da yaranmu ke yi da dalilinsa, su kuma ce ƙofa a buɗe take ga yaran unguwa duka, gama tsutsa ba ta tambayar gonar wane ce kafin ta ci. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. A kashe wannan, kuma kada a sa a Facebook hoton da ke nuna hanyar shiga gida ko rumbu.

Hotunan ƙwari masu ɓarna, malaman gona na hukumar KTARDA ne ya kamata su fara gani. Na tsuntsaye kuwa akwai masu neman su. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma a Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Tun 2015 suka fara aikin zana taswirar inda kowane tsuntsu yake a ƙasar nan, suka yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna aika musu abin da suka gani. Ɗalibi daga Jos ba zai ɗauki jaka ya zo ya kwana a ƙauyen Sabuwa yana ƙirga tsuntsaye ba a halin da muke ciki, mu ma ba za mu ba shi shawarar ya zo ba. In za a san abin da ke tashi a sararin Faskari a waɗannan shekaru, daga hannun mazauna wurin zai fito. Amma aikawa waje a bar wa mutum ɗaya da dattawa suka amince da shi a kowace gunduma, shi zai tace abin da ya dace ya fita.

Abin da muke nema daga kowace ikkilisiya bai fi ƙarfin kowa ba: littafin rubutu guda, irin na 'yan makaranta, a hannun malamin makarantar Lahadi. Duk wanda ya kawo hoto, a rubuta rana, da wuri, da sunan abin, da abin da aka ga yana yi. A haɗa kowane saurayi ko budurwa mai waya da dattijo ko dattijuwa guda, yaro ya ɗauka, babba ya faɗi suna. In mutanen Ƙanƙara suka kira tsuntsu da suna ɗaya, na Sabuwa suka kira shi da wani, a rubuta duka biyun, kada a yi gardama. Layin farko na littafin a bar shi domin ranar da aka ga shamuwa ta ƙarshe a garinku bana. Za mu karɓi littattafan mu duba tare a ranar godiyar kaka.